Ukun da Ba Su Dawo Ba

Yaran yanzu in suka shigo suka tarar da ni a kan tabarma da allura a hannu, sai su yi murmushi. Wai naɗe takarda da ɗinke ta ma sana'a ce? Wata ta taɓa ce min da bakinta, "Iya, ai wannan ko ƙanwata 'yar shekara shida za ta yi." Na miƙa mata takarda ɗaya na ce ta naɗe. Ta naɗe, gefe ya fi gefe da faɗin farce. Na ce to ki yi min dubu haka, ki ga irin littafin da zai fito.

Sunana Tabawa. A cikin birni aka haife ni, nan wajen Ƙofar Ɗan Agundi, kuma a nan nake har yau. Ban yi boko ba, allo ma ban zauna na yi ba, abin salla kawai na ɗauka a bakin mahaifina. Wannan da kuke karantawa faɗa nake ana rubutawa. Amma littafin da ya bi ta hannuna, malamin ajinku bai ga rabinsa ba. Zan gaya muku yadda ake aikin, da kuma shekarar da na gane cewa allura tana iya kashe mutum ba tare da ta soke shi ba.

Aikin farko da na taɓa riƙewa na wani malami ne daga ƙauye. Mahaifina baduku ne, yana yin tadarishi, wato bangon fata da ake rufe takardun malamai da shi. Malamin ya kawo takardunsa a ƙunshe cikin ƙyalle, ba ɗinki, ba lamba. Baba ya sa na wanke hannu har sau biyu, sannan ya ce in riƙe masa su yana auna fata. Na ɗan juya su ta hagu don in gyara riƙo. Sai ji na yi ƙashi a bayan hannuna, ƙwas. Ya ce, "Littafi ta dama ake buɗe shi, kamar yadda kike shiga masallaci da ƙafar dama." Ina da shekara tara. Daga ranar idona ya koyi farawa daga dama, kuma bai taɓa mantawa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da 'yan maɗaba'a suka fara buga ƙananan littattafan Islamiyya, sai suka riƙa kawo wa Baba ɗinki, shi kuma ya sakar min. Shi ya koya min lamba, ta Larabci da ta boko. Harafi ban sani ba, amma in kun zuba min shafi ɗari a ƙasa zan jera muku su ba tuntuɓe.

Kayan aikina ba su cika faifai ba. Akwai ƙashin haƙarƙarin sa, wanda aka duke ni da shi ɗin nan, ya yi sulɓi ya koma kamar tangaran. Da shi ake danne naɗi. Akwai basilla ta huda, da allura mai faɗin kafa, da baƙin zare da nake gogewa da kakin zuma don kada ya ci takarda. Sai tsohon dutsen niƙa na kakata da nake ɗorawa a kan abin da na gama. Huda uku ake yi a tsakiya. Allura ta fita ta hudar tsakiya, ta shigo ta sama, ta tsallaka zuwa ƙasa, ta dawo tsakiya, a ƙulle. Ni ƙulli biyu nake yi, in bar jela kamar tsawon ƙwayar shinkafa. Duk littafin da kuka gani da baƙin zare da wannan jelar, nawa ne. Masu inji suna danna ƙarfe su wuce, amma ƙarfe damina ɗaya yake yi ya yi tsatsa, tsakiyar littafi ta zube. Shi ya sa har yau ake nemana.

Kuma aikin yana da hani. Ranar ɗinki ba na taɓa manja, ba na ƙunshi, ba na cin goro a kan takarda. In hadari ya haɗo, kafin in kwashe shanya takarda nake fara kwashewa, don in ta sha danshi kumbura take yi, tawada ta manne wa 'yar'uwarta.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Malamai su ne masu faɗa, in shafi ya karkace sai sun kawo maka aya. Daga baya matan nan marubuta labaran soyayya suka zo, kowace tana so nata ya riga na ƙawarta fita. Littattafansu ta hagu ake buɗewa, a baibai, amma ba ruwana, lamba nake bi. Dokata dai ɗaya ce tun zamanin Baba: kowane aiki ya zo da samfur, wato littafi ɗaya da mai shi ya haɗa da hannunsa, in ajiye a gabana ina dubawa. Ba samfur, ba allura. Shekara arba'in da wani abu ban karya wannan dokar ba, sai sau ɗaya.

A 'yan shekarun nan wani sabon abu ya shigo, littattafan zane na samari da 'yan mata. Ba tatsuniya ba, zancen gaskiya ne aka zana hoto bayan hoto: yadda sauro yake kawo zazzaɓi, yadda aka gina ganuwa, yadda ake rini. Farkon damina ake fitar da su, a raba a makarantu. Na ji daɗinsu, don su ne littattafan farko da ni ma nake ganewa ba sai an karanta min ba.

Aikin da zan ba ku labarinsa Alhaji Mudi ne ya kawo shi, mai maɗaba'ar da na fi yi wa ɗinki. Ya zo da kansa a gaggauce, ruwan farko bai fi mako da sauka ba. Littafi ne mai ruwan ɗorawan bango, guda ɗari uku, na wata malamar makaranta mai zane, Malama Rukayya, a kan hatsarin wutar lantarki lokacin ruwa.

Na ce, "Ina samfur?"

Ya ce, "Iya, samfur yana hannun malamar, ta tafi da shi Kabuga. Ranar Alhamis za a raba. Ke da kika ɗinka na malamai ba lamba, wannan zai gagare ki?"

Ya san inda zai taɓa ni. Na karɓa.

Duk shafukan da lambarsu, sai takardar tsakiya. Ita malamar ta cika ta da zane har baki, ba lamba, ba rubutu, wai don ko wanda bai iya karatu ba ya gane. Shafin da ke gabanta ya nuna wani yaro a tsakar gida bayan ruwa, ya taɓa wayar da ta kwaile, wuta ta riƙe shi. Takardar tsakiyar ita ce ke nuna abin da za a yi, hoto huɗu, biyu a kowace fuska. Na farko, yayarsa ta tsaya nesa ta tare ƙannenta da hannu. Na biyu, ta ruga ta kashe wutar gidan daga mita. Na uku, ta kamo shi ta ja. Na huɗu, ya tashi zaune.

Aikina shi ne in san wace fuska ce za ta shige ciki in an naɗe. Na shimfiɗa takardar na duba fuska ɗaya. A dama yarinya tana jan yaro, a hagu tana kashe wuta. Na ce a'a, wannan ba zai zama tsakiya ba, wane mahaukaci ne zai ja mutum kafin ya kashe wuta? Na juya ɗaya fuskar. A dama ta tsaya nesa, a hagu ya tashi zaune. Na ce yauwa, wannan ya yi hankali. Na naɗe ta ciki. Da na ɗinka na farko na buɗe shi ta dama yadda hannuna ya saba, na ga kashe wuta ne ya fara zuwa. Hankalina ya kwanta. Na yi ɗari uku haka, kowanne da ƙulli biyu. Ban yi ganganci ba, ku lura. Na duba, na yi tunani, na sake dubawa. Da idon dama na duba littafin hagu, shi ke nan.

Kwana huɗu bayan an raba, da la'asar, Hindatu 'yar maƙwabciyata ta shigo da kayan makaranta a jikinta. Shekarunta sha huɗu a lokacin, baki gare ta kamar reza.

"Iya Tabawa, yau na kama ki a jakata. Ga jelarki nan."

Na ce, "To uwar surutu, me littafin ya ce?"

Ta durƙusa kusa da ni tana buɗewa ta hagu. "Kin ga, nan wuta ta kama shi. Sai yayarsa ta cafko shi ta fizgo. Shi ke nan, ga shi ya tashi."

Na ajiye allura. "Ta cafko shi da me?"

"Da hannu mana, Iya. Ba ki gani?"

"Kashe wutar fa?"

Ta buɗe gaba. "Ga shi nan daga baya. Ai sai ta cece shi tukuna, sannan ta kori yara, ta je ta kashe don kada ta kama wani. Ni ma in ta kama Abba haka zan yi."

Abba ƙaninta ne, ɗan shekara biyar. Gidansu waya ce a ja daga ɗaki zuwa ɗaki a saman igiyar shanya.

Ina matashiya, a lungun nan namu, waya ta taɓa faɗawa cikin ruwa ta kama wani mai ga-ruwa. Ɗan'uwansa ya yar da garwa ya ruga ya riƙo shi. Gawa biyu aka ɗauke. Da idona na gani, hannun ɗaya a damtsen ɗaya.

Na ƙwace littafin. Na riƙe kunnen Hindatu na ce, "Ki saurare ni. Wanda wuta ta kama ba a taɓa shi. A kashe wuta tukuna. Maimaita." Ta maimaita tana zare ido. Na ce ta sake, ta sake. Na yafa mayafi na fita. Gabas ta riga ta yi baƙi.

Na sami Alhaji Mudi a bakin maɗaba'a. Na buɗe masa tsakiya. Ya duba, ya sake dubawa, ya ja ni gefe don kada ma'aikatansa su ji.

"Iya, ki rufa mana asiri. Yara ne, hoto kawai suke kallo. Malamar ma ba ta lura ba, a ƙulle aka kai su makarantu. In maganar nan ta fita, wa zai sake kawo min aiki? Ke ma wa zai kawo miki?"

Na ce, "Alhaji, hoton da suke kallo shi ne abin tsoron. Yarinya ta gama faɗa min yanzu yadda za ta mutu."

"In an sake bugawa sai a gyara."

"Ka dubi sama. Hadarin nan zai jira ka sake bugawa?"

Na ce ya gaya min gidan malamar. Ya ce bai sani ba. Na ce to zan tsaya a Ƙofar Kabuga in yi ta tambayar duk mai wucewa da sunan maɗaba'arsa a bakina. Sai ya tuna kwatance.

Kafin adaidaita ta sauke ni ruwa ya tsuge. Na tarar da Malama Rukayya tana kwashe kwanuka, yarinya ce siririya, ba ta fi sa'ar 'yar autata ba. Ban zauna ba, gaisuwa ma a tsaye na yi. Na miƙa mata. Ta buɗe, ta kai tsakiya, sai ta zauna a kan turmi cikin ruwan.

Ta ce, "Innalillahi. Laifina ne, Iya. Ni na hana a sa lamba."

Na ce, "'Yar nan, ni na ɗinka ba samfur. Rabon laifi sai mun gama. Ina da ina aka kai su?"

Makarantu uku ne: ta 'yan mata a wajen Ƙofar Nassarawa, ta maza a Kabuga, da ta su Hindatu. Nan take ta fara kiran shugabanninsu a waya. Ta ce gobe za ta bi su ta karɓo, ni in huta. Na ce ba za ta je ita kaɗai ba. Yaro in malama ta ce ya dawo da littafi, zai dawo da takarda ne, hoton kuwa yana nan a kansa.

Washegari na fara taka makarantar boko, da furfurata. Aka tara yaran a fili. Malama ta yi bayani da Turanci da Hausa, suna ta hamma. Sai na karɓa. Na ce ni ce na ɗinka littafin nan, kuma na ɗinka shi ba daidai ba, duk wanda ya bi shi zai mutu. A makarantar maza wani dogo daga baya ya ɗaga murya.

"Iya, ai ya fi daɗi a haka. Jaruma ke nan, ba ta tsaya ɓata lokaci ba!"

Aka kwashe da dariya. Na ce ya fito. Ya fito yana taƙama. Na ce ya kama damtsena. Ya kama. Na damƙe wuyan hannunsa da hannun da ya shekara arba'in yana jan zare, na ce, "To ƙwace." Ya ja, ya kasa. Ya sake ja, fuskarsa ta canza. Na ce, "Wannan tsohuwa ce ta riƙe ka. Wuta ta fi ni riƙo, kuma ba ta jin magiya." Sannan na ba su labarin mai ga-ruwa da ɗan'uwansa, da yadda aka ɓanɓare yatsun. Ba wanda ya sake dariya. Na sa suka faɗa da ƙarfi sau uku: ba a taɓawa, a kashe wuta tukuna.

Karɓo littattafan kuwa bai zo da sauƙi ba. Littafin zane ba ya zama a jaka. Wannan ta ara wa 'yar kawunta, wancan ya bar shi a shagon yayansa, wani ya yi musaya da shi. Malama ta rubuta sunaye, muka bi gida-gida, lungu-lungu, daga Nassarawa zuwa Kabuga. In na shiga gida, kafin in dubi mutane wayoyi nake duba. Na ga soket a ƙasa kusa da rariya. Na ga hitar dafa ruwa a bokiti, yara suna wasa a gefe. Na ga firji a tsakar gida an rufa masa buhu. Da can ina shiga gidajen nan ban taɓa ganin komai ba. Kullum da rana sai hadari ya haɗo, kullum in an ɗauke wuta sai in ce alhamdulillahi, in an kawo yara su yi ihu, ni kuma in kasa kunne. In na ji salati daga wani lungu sai na aika an tambayo me ya faru.

Duk wanda muka karɓa, sai mun tambayi wa da wa ya karanta, mu nemo shi a gaya masa. Wata uwa ta hana mu, wai an ba 'yarta kyauta za mu ƙwace. Na zauna a zaurenta na ce ba zan tashi ba. Da azahar ta jefo min shi.

Mako uku muka yi. Muka samu ɗari biyu da casa'in da bakwai.

Na sa almakashi na tsinke zaren kowanne, na juya takardar tsakiya, na danne da ƙashi. Takarda mai sheƙi ba ta son a naɗe ta sau biyu, sai ta tsage fari a tsakiya. Haka muka bar su da tabonsu. Malama ta bi kowane hoto da biro ta sa masa lamba, ɗaya zuwa huɗu, na sake ɗinkewa, aka mayar wa yara.

Alhaji Mudi bai sake aiko min da aiki ba a shekarar. Magana ta zaga maɗaba'u cewa idon Iya Tabawa ya tsufa. Dutsen niƙa ya zauna ba abin dannewa har bayan kaka. Wannan ita ce muguwar shekarata a sana'a, ba zan tsaya ƙorafi a kanta ba. Daga baya masu zanen ne suka dawo da ni, Malama Rukayya ta riƙa turo 'yan'uwanta, har shi Alhajin ya zo da kansa yana sosa ƙeya.

Yanzu dokata ta zama biyu. Ba samfur, ba allura, ko uban wa ya aiko. Sannan in na ɗinka na farko ba na yarda da idona. Sai na kira wanda aka yi littafin dominsa, saurayi ko budurwa, in ce ya buɗe yadda ya saba, ya faɗa min abin da ya gani hoto bayan hoto. Ba na gyara masa, saurare nake. Sai labarin da ya fito daga bakinsa ya yi daidai da wanda mai zane ya faɗa min, sannan in zura zare na biyu. Masu gaggawa suna cewa ina ɓata musu yini. Ina ɓatawa.

Saura ukun. Ɗaya wani yaro ya manta shi a adaidaita. Ɗaya wata baƙuwa ta tafi da shi garinsu, an bi sawu, aka ce ta ba wata, wadda aka ba ɗin kuma ba a san ta ba. Na ukun ba wanda ya san inda ya shiga. Da ƙarfe aka danna su, da tuni tsatsa ta zubar da tsakiyar na huta. Amma ni na ɗinka su, da zare mai kaki, ƙulli biyu. Ɗinkina yana shekara ashirin bai saki ba.

Shi ya sa na yarda aka rubuta wannan. Ku da kuke cewa aikin ba wuya, ga aiki na ba ku. In kun ga littafin zane mai ruwan ɗorawan bango, a gidanku ko gidan wani, ku buɗe tsakiya. In kun ga farin tabo a naɗin da lambobin biro, ku bar wa mai shi. In kuwa tsakiyar lafiya lau take, ba tabo, ba lamba, ga baƙin zare da 'yar jela, to kada ku ajiye sai gobe. Ku tambayi wa ya karanta, ku gaya masa ba a taɓawa, a kashe wuta tukuna. Sannan ku kawo min shi Ɗan Agundi. Ku tambayi gidan mai ɗinkin littafi, kowa ya sani. Almakashina yana kan faifai.